Teburin Guga a Bakin Ƙofa

Matar yayana guga take yi. Tun ina 'yar makaranta na san ta tsaye a rumfar ƙofar ɗakinsu, gawayi na ci a cikin dutsen guga, tana yayyafa ruwa da yatsu a kan rigunan mutane. Duk unguwa Mai Guga ake kiranta. Ni "matarmu" nake ce mata, ita kuma ta ce mini "Sarkin faɗa", wai ba na iya ganin abu in kawar da kai.

Ba ta iya doguwar addu'a ba, wannan kowa ya sani. In aka ce ta rufe taro a zumuntar matan coci, kafin ka gama sunkuyar da kai ta ce amin, mata su yi ta ƙunshe dariya. Tata addu'ar a kan tebur take yi. Ta ɗauki rigar ɗalibi, leɓenta na motsi: "Ubangiji, ka buɗe masa kai." Ta ɗauki ta mai gadi, ta roƙa masa tsari. Na taɓa ce mata, "Matarmu, har da wandon mashayin can?"

Ta ce, "Shi ma ai sawa zai yi."

Yayana direba ne. Wata safiya ya faɗi a gindin mota, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke sai kalma ɗai-ɗai. Daga nan ba ya jure ƙara. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ka ga jikinsa na ɓari.

Matan zumunta suka fara zuwa bayan sujadar coci, kuma ba zan ce da mugunta suka zo ba. Amma su cika ɗan ɗakin nan, su zagaye gadon, su yi ta tafi suna ihu suna umartar ciwo ya fita. Yaya ya runtse ido, ya damƙe zanen gado da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba. Su ce, "Kun gani? Aiki ya fara!" In sun tafi ba ya ci, ba ya barci.

Ran nan shugabar zumunta ta ja matarmu gefe, a kan kunnena. "'Yar'uwa, ki yi haƙuri in faɗa miki gaskiya. Addu'arki ba wuta. Kullum 'in nufinka ne, in nufinka ne'. Shi ya sa ciwon ya samu wurin zama."

Matar da ke juya ƙaton namiji ita kaɗai, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ita ake gaya wa wannan! Na yunƙura, matarmu ta taka mini ƙafa.

Na san dalilinta. Danginta suna nesa. Matan nan su suka karɓi haihuwarta, su suka zauna da ita ranar da ta binne ɗanta na fari, kuma yawancin kayan da take gogewa nasu ne. Ba ta da wasu mutane. Abin da ya fi ci mini rai, ta fara yarda da maganar. Washegari na same ta tsaye a kan Yaya tana gwada ɗaga murya irin tasu, muryar na sarƙewa. Ya juyar da fuska bango, ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Bari."

Ta fito ta zauna a dandamali. "Sarkin faɗa, ko dai ni ce na hana shi tashi?"

Na ce, "Ke ce kika hana shi mutuwa da yunwa dai."

Da matan suka dawo, sai suka tarar ta gitta teburin guga a bakin ƙofa, tana tsaye a bayansa. Ta dubi shugaba ta ce:

"Mama, ku yi a nan tsakar gida, Ubangiji zai ji. Mai son shiga ta shiga ita kaɗai, ta riƙe hannunsa, a hankali."

Shugaba ta ce, "Addu'a kike kora daga gidanki?"

"A'a, Mama. Mijina ne ba ya iyawa."

Suka tattara jakunkunansu. Tsohuwa ɗaya mai sayar da gawayi ce ta tsaya. Ta cire takalmi ta shiga, ta daɗe a ciki ba a ji muryarta ba. Ranar Yaya ya sha shayinsa ya yi barci.

Bai tashi daga ciwon ba. Ya ƙara 'yan watanni cikin kwanciyar hankali, matarsa na yi masa gajerun addu'o'inta a kunne, ya rasu da hantsi tana goge masa fuska. Wasu sun ce da ta bar su da yanzu yana raye. Na ji wadda ta faɗa, na kuma ɗaura gyale zan je, matarmu ta rufe ƙofa ta zauna a gabanta.

Kayan guga sun ragu. Ita kuwa ba ta daina zuwa zumunta ba, tana gaishe da shugaba har ƙasa, ta je ta zauna a bencin baya inda ba mai matsowa kusa da ita. Ni ban taɓa son taron nan ba, surutunsu ya yi mini yawa. Yanzu duk mako ina zuwa, in zauna a gefenta, in harari duk wadda ta waiwayo.