Yaya Habu Mai Bidiyo, wanda ya ɗora mini kyamara a hannu

Da safen nan ina haɗa batura a jaka, zan fita aikin suna a Sandamu, sai ga kiran matar Yaya Habu. Ina ɗagawa na ji kuka. Ban bari ta ƙarasa ba na zauna a ƙasa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Yaya Habu Mai Bidiyo rasuwa bayan sallar asuba, an kai shi makwancinsa da hantsi.

Ku yi haƙuri idan rubutun ya zo a hargitse, har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Duk wanda ya yi biki ko suna ko sauka a Daura cikin shekarun nan, da wuya a ce bai san shi ba. Dogon nan mai farar hula, da jakar kyamara a kafaɗa, a kan tsohon babur ɗinsa. A wurina kuwa abokin yayana ne, a zaurenmu na taso ina ganinsa, shi ya sa nake ce masa Yaya.

Da maigidana ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, ba ni da wata sana'a. Bayan na fita takaba sai ga Yaya Habu ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Rabi, mata ba sa sakewa idan na shiga wurin kamu. Da na ɗaga kyamara sai kowa ta ja mayafi. Aikin nan mace yake nema. Za ki iya?"

Na ce ni da ban taɓa riƙe kyamara ba?

Ya ce, "Ni ma ai ba da ita aka haife ni ba."

A lokacin ya ajiye ƙatuwar kyamarar kafaɗa mai kaset, ya koma 'yar ƙaramar HD ɗin nan da ke zama a tafin hannu, mai ɗauka a memori. Mutane har raina ta suke yi, su ce wannan 'yar abar ce za ta ɗauki bikin 'yarmu? Ba ya musu da kowa. Sai ya jona ta da talabijin ya nuna musu hular ango, kana iya ganin zaren aikin ɗaya bayan ɗaya. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Irin wannan ya ba ni aro na fara koyo.

Shi ya nuna mini zum, wato jawo hoto kusa, iri biyu ne. "Na gilashi shi ne na gaskiya. Da kin wuce wannan layin, kyamarar buɗa hoton kawai take yi har ya farfashe. Allah Ya ba ki ƙafa, ki taka ki matsa kusa."

Ya ce akwai abin da ke rage girgizar hannu a cikinta, amma kar in dogara da shi, in manna gwiwar hannu a jiki in rage numfashi. Ya ce HD tana son haske, a ɗaki mai duhu sai hoto ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa gari. Abin da ya fi nanata mini kuwa shi ne, ko me ya faru, muddin wani babba na magana, kar in kashe.

Aikina na farko ni kaɗai a wani ƙauye ne bayan Mai'adua. Damagaram za a kai amaryar. Aka shiga da ita ƙuryar ɗakin kakarta don nasiha, ɗakin ba taga sai ƙwai ɗaya na janareta. Tsohuwar ta kama hannun amarya ta fara magana ke nan, janareta ya mutu.

A ɗan allon kyamarar ba na ganin komai sai inuwa. Amma ban kashe ba, na matsa kusa da bakin tsohuwar na tsaya har ta gama.

Na dawo Daura ina kuka a kan babur. Biki ba a maimaita shi, amarya ta tsallaka iyaka, ga shi aikin farko. Na shiga shagonsa na ajiye masa kyamarar na ce ya riƙe abarsa, ba zan iya ba.

Ya zare memorin ya sa a kwamfuta, ya sa abin ji a kunne, yana saurare. Can ya ɗago yana murmushi ya ce, "Rabi, ai kin kawo aikin. Ji muryar nan tar."

Fayilolin HD suna da nauyi, tsohuwar kwamfutarsa sai ta riƙa tsayawa. Ya sauya su zuwa marasa nauyi don aikin gyaran bidiyon ya tafi. Ya riƙa ɗaga hasken kaɗan-kaɗan har fuskar tsohuwar ta fito, ba garau ba, amma ana gane ta. Inda ya ƙi gyaruwa ya raba muryar da hoton, ya ɗora ta a kan hannayen amarya masu lalle da na ɗauka a tsakar gida. Wuni guda ya bari nasa aikin yana jira.

Tsohuwar nan ba ta kai damina ba ta rasu. Daga baya amaryar ta kira ni daga Damagaram ta ce duk ranar da kewa ta dame ta, wurin nan take kunnawa.

Da wannan sana'ar nake riƙe da yarana har yau.

Ganina da shi na ƙarshe makon jiya ne a shago. Ciwon suga ya taɓa masa ido, ya miƙo mini kyamara ya ce in duba masa ko fokas ya zauna, hoto ya fito garau. Na tsokane shi na ce yanzu fa waya ta ƙwace mana kasuwa. Ya yi dariya ya ce, "Wayar ma tana ƙoƙari. Amma ta wuni tana ɗauka a ranar Daura mu gani, in ba ta yi zafi ta kashe kanta ba."

Na juya kyamarar kansa da wasa, ya sa tafin hannu ya rufe gilashin. "A'a, ni wurina baya ne." Da zan tafi ya ce, "Ki gaida yara. Kuma ki riƙa ajiye aiki wuri biyu."

Ɗazu a gidan makoki babbar 'yarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Anti Rabi, ko kina da bidiyon Baba?" Na dawo gida na bincike duk ayyukan da muka yi tare. Muryarsa ce kawai a bayan kyamara, yana cewa a matso haske, a gyara wa tsohuwa kujera. Fuskarsa babu, sai tafin hannun nan.

Don Allah, duk wanda Yaya Habu ya gifta a bidiyon bikinsa ko a wayarsa, ko da wucewa ce, ya turo mini. Yaransa suna so su gan shi yana tafiya.

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Allah Ya ba iyalanka haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Kai da ka karanta har nan, kar ka wuce sai ka yi masa addu'a.