Zobe a Cikin Kwalbar Gwaji

Duk makarantar ba a san shi da wani suna ba sai Malam Zobe, kuma a ɗakin gwaje-gwajen nan furfura ta fito masa. Aikinsa koya wa ɗalibai gano ko wane irin gishiri aka ba su. In an ɗiga asid ya yi kumfa, kabonet ne. In ruwan azurfa ya sa shi ya yi guda-guda kamar madarar da ta tsinke, kuloraid ne. Wannan kowa na iyawa. A gwajin naitiret ya samo sunansa: zai karkata kwalba, ya zuraro asid mai ƙarfi ta gefe a hankali, sai siririn zobe ruwan ƙasa ya fito a tsakiya, aji ya kaure da tafi.

To, yanzu hannu ya fara rawa. In ya zuba sai ruwan ya gauraye, zobe ya ƙi fita. Ana cikin haka aka kawo sabuwar malama, wai ta taya shi. Kuma wa? Tsohuwar ɗalibarsa, wadda ya sha kora waje saboda surutu! Yara suka koma Malama kaza, Malama kaza. Wallahi kishi har abinci ya hana shi ci.

Ranar da za ta nuna gwajin naitiret, shi ya shirya mata tebur. Gwajin ba ya yiwuwa sai da ruwan ƙarfe sabon haɗi, mai kore-kore. Malam ya lalubo tsohon da ya daɗe a kabad har ya koma rawaya, ya ajiye mata, ya koma bayan aji ya harɗe hannu.

Ta ɗaga kwalbar a hasken taga, sannan ta dube shi.

"Malam, wannan ai ya kwana biyu. Ba kai ka ce mana in ya sauya launi a zubar ba?"

"Ni na ce," ya amsa.

Ta haɗa sabo, ta karkata kwalba yadda yake yi, har da kanne ido ɗaya irin nasa. Zobe ya fito raɗau, yara suka yi ta tafi har da buga tebur.

Ba a jima ba, wata rana yana wanke kwalabe, shugaban makaranta ya leƙo ta taga.

"Ina Zobe?"

"Na'am, ranka ya daɗe," in ji Malam, yana goge hannu.

"A'a, Malam, ci gaba da wankinka. Malamar nake nema."