Layin da Ya Ratsa Ɗakin Girki

Ko zan manta komai na aikina, ba zan manta ranar da na kai zanena na farko ba. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, wani ƙaramin kamfanin intanet a Tudun Wada ya ɗauke ni gwaji, in tsara masa hanyar wayar gilas, irin wadda haske ke ɗaukar saƙo a cikinta, daga ofis zuwa Tudun Jukun da Hanwa. Mai kamfanin ya ce, "Mai kyau nake so, mai sauƙin kuɗi. In ya yi, ka samu aiki."

Na zauna ƙarƙashin fanka na ja layuka da rula a kan taswira, na ba kowane reshe gudun saƙo mafi girma. Har hula na karkata, ina jin duk Zariya babu kamata.

Akwai wani dattijo a kamfanin da muke kira Baba, wanda ya tsufa a aikin binne waya. Da na kai zanen, ya sa tabarau, ya bi layin Hanwa da yatsa, sai ya tsaya.

"Injiniya, nan fa ɗakin girkin matata ne. Kai za ka gaya mata, ko ni?"

Ofis ya kwashe da dariya. Baba ya goya ni a babur ɗinsa muka bi hanyar da ƙafa take bi. Muka kewaye kududdufi, muka kewaye maƙabarta, muka bi gefen layin dogo. Tsawon wayar ya kusa ninkawa. Nan na tuna abin da na haddace don jarrabawa kawai: in gudun saƙo ya yi yawa, haske ba ya nisa sai an saya masa na'urar ƙara ƙarfi, ita kuwa tsada gare ta.

"To yanzu fa, Baba?"

"Kai ka yi boko. Ni dai na san ba kowa ke sauri ba."

Na sake zanen da na'urorin da ake iya rage wa gudu ko ƙarawa. Tudun Jukun da ke kusa ta samu babban gudu, Hanwa matsakaici, ya kuma ishe su. Mai kamfanin ya duba ya ce in zo Litinin.

Tun ranar na koyi cewa kafin in ja layi a takarda, sai na taka wurin da ƙafata, na kuma tambayi wanda ya riga ni takawa.