Amsar da ta tafi a ƙarƙashin kujera

Abu biyu ne suka ɗaure wa Censu Zammit kai a rayuwarsa, kuma ya kai shekara saba'in da shida bai warware ko ɗaya ba. Na farko motoci, na biyu Fotini.

Yana saurayi ya sauka Melbourne daga Malta, ya samu aiki a masana'antar motoci ta Broadmeadows. Aikinsa ɗaura kujeru. Lokacin ana yayin manyan motocin nan masu injin silinda takwas, waɗanda in aka tayar da su sai gilasan maƙwabta su kama rawa. Ana cikin haka jaridu suka yi ca, wai motocin za su ƙarar da samarin ƙasa, aka daina ƙera mafi gudun cikinsu. Fetur ya yi tsada, mutane suka yi ta rabuwa da su. Censu da idonsa ya ga kaji suna ƙwai a cikin wata. Yau kuma ga su ana lulluɓe su da mayafi, ba a yarda ko yaro ya jingina. Ya rasa gane wane ne ya haukace, mutanen da ko na yanzu.

Fotini kuwa 'yar Girka ce, tana sashen ɗinkin kujeru. Yayyenta biyu a nan suke aiki, ga su da ido kamar na mujiya, don haka magana a bakin ƙofa ba ta taso ba. Sai suka samo dabara. Ita ta rubuta da alli rawaya mai maiƙo a ƙyallen ƙarƙashin kujera, shi kuma ya juya kowace kujera kafin ya ɗaure ta. Amsarsa yakan rubuta a katakon amalanken da ke komawa wurinsu fanko. Wata takwas suna haka. Wata Juma'a ya yi ta maza, ya rubuta: “Za ki aure ni?”

Amsa ba ta zo ba. Duk makon nan ya juya kujeru har hannunsa ya sage, babu ko ɗigo. In sun haɗu a hanya ta yi masa murmushi, shi kuwa ya ɗauka na tausayi ne, ya sunkuyar da kai. Litinin ta gaba ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Daga ranar ba ta sake ce masa uffan ba. Ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu, tana nan layi uku daga gidansa. In suka haɗu a kasuwa sai ta juya tana duba tumatir. To, in ƙi ne, an ƙi shi, ya haƙura. Amma fushin na mene ne? Wannan tambayar ta cinye shi, bai kuma taɓa aure ba.

Wata Asabar aka yi baje kolin tsofaffin motoci a filin ƙwallon unguwa. Censu ya je ne don cin tsiren alade da burodi, ba don komai ba. Ya tsaya gaban wata mota mai launin ruwan lemo, an fito da kujerarta an kifa a kan tebur. Mai motar, wani ƙato mai gemu da ake kira Glenn, yana ta cika baki.

“Komai nata na asali ne, Baba. Ko ƙurar masana'anta ban share ba.”

“Ƙura ma abin alfahari ce yanzu? Mu da muka shaƙe ta ba a ba mu kofi ba.”

“Au, ka yi aiki a can? To zo ka fassara mini wannan. Shekara uku ina tambaya, wasu su ce lambar masu duba aiki ce.”

Censu ya sa tabarau ya duƙa. Alli rawaya ne, ya dushe amma yana karantuwa, da wannan rubutu mai karkata hagu da zai gane ko a mafarki: “Censu, na yarda. Ka zo Lahadi ka ga Baba. Kada ka makara. F.”

Burodin ya faɗi daga hannunsa.

“Baba, lafiya? Kai, kawo masa kujera! Ba waccan ba, wallahi kada ka taɓa waccan!”

Yana zaune abin ya dawo masa. Safiyar Litinin da ta biyo bayan Juma'ar da ya yi tambayar an turo jerin motoci masu babban inji, ogan layin haɗa motoci ya ja shi ya taya masu ɗora inji, awa uku kacal. Wani ya riƙe masa wurinsa. Wa zai gaya wa wancan ya juya kujera? Ya ɗaure ta, mota ta wuce.

“Sayar mini da kujerar,” in ji Censu.

“Haba Baba! In na cire ta ai motar ta zama gwangwani. Hoto dai, ko goma kake so.”

Kwana ya yi yana jujjuya hoton. Ya je, ko ya bari? Me zai ce wa tsohuwa mai jikoki tara? Washegari Lahadi ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, don ita kaɗai gare shi, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofarta.

Fotini ta buɗe, ta dube shi sama da ƙasa.

“Ɓatan hanya ka yi?”

Sai ya miƙa mata hoton. Ta daɗe tana kallo.

“Ina ka samo wannan?”

“Jiya na gan shi, Fotini. A ƙarƙashin kujerar wani. Jiya na fara ganinsa.”

“Ƙarya kake.”

“Wallahi an ɗauke ni daga layi a safiyar da kika rubuta shi. Awa uku.”

Ta dafa ƙofa. “Rago guda Baba ya gasa. Ya tara 'yan'uwa, ya zauna da kwat a jikinsa har ƙarfe biyar yana kallon titi. Har ya mutu bai sake ambaton ranar ba. To ni duk shekarun nan da wa nake fushi?”

“Ni ma abin da na zo tambaya ke nan.”

Ta share ido da bayan hannu, ta juya ciki, ta bar ƙofar a buɗe. Censu ya tsaya a dokin ƙofa, bai san ko izini ba ne ko mantuwa.

Daga kicin ta ɗaga murya: “Wata shekara hamsin ɗin za ka yi a nan?”