Giwar Wara

Yelwa

Na bar gida ana kiran assalatu, da katin Giwa a aljihun taguwa, naɗe cikin leda biyu. A shekarun da aka yanke mu daga jihar Sakkwato, mu manyan banza na teburin mai shayi Ɗan'asabe ba mu da aiki sai katin namun daji da ake samu cikin cingam. Kowa ya ajiye nasa, dabbar da ta fi ƙarfi ta kwashe. Giwa ce gaba da kowa, kuma duk Yelwa ni kaɗai ke da ita, don haka har benci ake tashi a ba ni. Sai labari ya zo cewa an yi sabon bugu, kwalin farko ya sauka Wara, wai har da Giwa. 'Yan tebur suka tura ni in dubo musu ingancinsa. Na amsa da fara'a, amma a raina na ce: In Giwa ta zama ta kowa, ni kuma na zama wa?

Birnin Yauri

Akori-kurar da na shiga har lokacin lambar Sakkwato take ɗauke da ita, direban ya ce sai sabuwar jihar ta kwana biyu ya ga ko za ta zauna. A shingen da ke gaban gari wani ɗan sanda ya laluba aljihuna, ya ce karta ce, ni ɗan caca ne. Na yi masa bayanin wasan tun daga Zomo har Zaki, fasinja suna ta tsaki. Da ya gaji ya tambaya ko akwai Bushiya. Na ba shi tawa, muka wuce.

Wara

Mun isa rana ta take, ƙura har cikin kunne. Na sauka gidan ƙanwar Inna, ta cika ni da tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, sannan na nemi rumfar Audu mai kanti a bakin ruwa, inda masunta ke wasan.

Ga abin da na gani. Takardar sabon bugu ba ta da kauri, kana hura ta sai ta tashi. Kura ta fito kamar karen gidan maƙwabta. Zaki ya yi kyau, ban hana shi ba, sai dai jan launin yana bin yatsa. Can na daure na ce a nuna mini Giwa. Audu ya ce guda ɗaya tak ta fito a kwalin, tana hannun wani masunci, Manu. Manu ya zaro ta daga cikin hula ya ajiye a tabarma.

Kifi ne. Ƙaton kifi mai ɓawo, baki buɗe, an rubuta GIWA a ƙasa. Ashe mai zanen da aka ba aikin ɗan bakin tafki ne, aka ce ya zana giwa, shi kuwa bai san wata giwa ba sai giwan ruwa. Na yi dariya har da hawaye. Ba wanda ya taya ni. Da na fito da tawa, suka yi ta juya ta, wani ya ce wannan ai saniya ce ta kumbura.

Gardama ta kai mu ga karawa, wanda ya ci ya ɗauki duka biyun. Na ajiye tawa, Manu ya ajiye tasa. Lambar ƙarfinsu ɗaya, don haka aka kira wani dattijo mai gyaran taru ya raba. Ya dubi wannan, ya dubi waccan.

“Ni dai abin da na sani,” in ji shi, “giwan ruwa shi aka ci. Wagga ta tudu ban taɓa ganin wanda yac ci ta ba.”

Masunta suka fara murna. Na ce, “Baba, Allah shi ƙara girma. Kun dai ji, taku aka ci, tawa ba a cinta.”

Murna ta koma ciki. Dattijo ya ce magana zarar bunu ce, tawa ta yi nasara. Manu ya miƙo kifinsa kamar zai yi kuka.

Komawa

Washegari na biyo jirgin 'yan kasuwa ta tafki, tsakanin kwandunan kifi, ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Da la'asar na isa teburin Ɗan'asabe, na ba da rahoto cewa sabon bugu shirme ne, kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Don in nuna musu iyakar shirmen, na jefa wa Ɗan'asabe kifin na ce ya riƙa fifita wuta da shi.

Na manta cewa su ma 'yan bakin ruwa ne. Suka yi caa a kansa, wannan na yaba ɓawon, wancan na cewa irinsa kakansa ya taɓa kamawa. Kafin magariba an yanke hukunci cewa wannan ce Giwa ta gaskiya. Mutumin da ya saba tashi ya ba ni benci ya matsa can kusa da tukunyar shayi, ya ja bencin ya tafi da shi.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa ƙanwar Inna da tuwonta. Giwata tana nan cikin ledarta, ba a taɓa cinta ba, ba kuma wanda ya sake cewa in fito da ita.