Ruwan Rijiyarmu a Dandalin Abuja

Kowace safiya, kafin masu kawo riɗi su fara sauke buhuna, nakan ɗebi ruwa a buta in yayyafa a ƙofar shagona da ke kasuwar Maigatari. Ba na ba kowa wannan aikin. Ƙamshin da busasshiyar ƙasa take yi idan ta sha ruwa nake so in shaƙa, domin yana mayar da ni ranar da na fara taka Abuja, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, rungume da goran ruwan kakata.

A wani ƙauye na tashi, kusa da Sule Tankarkar. A gidanmu akwai ɗaki ɗaya a gefen rumbu wanda ba a kwana a ciki. Na baffana ne, yayan mahaifina, da ya shiga soja lokacin yaƙin basasa bai dawo ba. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya ce ya ga faɗuwarsa. Fiye da shekara talatin, duk kaka sai kakata ta sa an sabunta jinkar ɗakin. Ta kuma hana a yi masa sadakar mamaci, ta ce ba za ta yi wa wanda ba a nuna mata kabarinsa ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka kunya ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta yi masa kuka a gaban mutane. "Mai ɗakin can," haka take ce masa.

Kakana kuwa shi ne babba a masu haƙa kabari na ƙauyenmu. Da karan dawa yake auna gawa, kuma bai taɓa haƙa ramin da ya yi wa mai shi kaɗan ba.

Wata rana malamin gona, wani Kirista mutumin Filato da yake yawan zama a zaurenmu, ya ce a babban dandalin Abuja akwai wurin da aka gina don tunawa da sojojin da suka mutu ba a san inda suke ba. Shi dai ya faɗi daidai. Mu ne muka ji abin da muke so mu ji, wato an tattaro su an binne a can.

A shekarar ƙafafun kakata sun fara kumbura, kowa ya san tafiyarta ta ƙarshe ta matso. Duk da haka da kanta ta ja guga a rijiyar gida, ta cika gora, ta toshe bakinsa da totuwa. A wurinmu idan an rufe mutum sai an yayyafa wa kabarinsa ruwa, baffana kuwa ba wanda ya yi masa.

"Maigidana," ta ce da ni, da haka take tsokanata, "kai ne ɗan boko. Ka duba da kyau ka karanta wa tsohon nan sunan. Shi in ba tuwo ba, ba abin da idonsa yake gani."

Ana saura mako guda Babbar Sallah ni da kakana muka hau motar raguna daga Maigatari zuwa Abuja. Bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum. Ƙishirwa ta kama ni sau da yawa a hanya, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin cire totuwar nan ba.

Ni a sanina dandali wuri ne mai inuwar darbejiya, da mai tsire, da 'yan mata masu talla. Wannan kuwa fili ne da ya fi gonar kakana faɗi, an shafe shi da siminti daga farko har ƙarshe. Tutoci suna kaɗawa, amma ko akuya babu. Da aka nuna mana wurin sojojin, kakana ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya yi sallama irin wadda ake yi a maƙabarta, ya hau simintin nan mai zafi da ƙafa.

"Kai, Baba! Ina za ka?" Wani soja ne mai gadi, da Hausarsa irin ta malamin gonarmu.

"Wurin ɗana na zo, samari."

Sojan ya dube shi, ya dubi takalman, ya dubi gorana. Sai ya sauke murya ya ce mu biyo shi.

Gini ne na dutse mai sheƙi. Na zaga shi sau uku ina neman suna. Akwai rubutun Turanci, na haɗa baƙaƙen da ƙyar, amma babu sunan kowa. Kakana bai jira ni ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya gane gabas, ya auna ginin da ido, ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa.

"Wannan ba kabari ba ne," ya ce. "Ba haka ake kwantar da mutum ba."

"Gaskiyarka, Baba. Ba kowa a ciki, don tunawa ne kawai." Sannan sojan ya ƙara da cewa, "Ƙanen babana ma bai dawo ba."

Kakana ya karɓi goran ya ɗiga kaɗan a kan dutsen. Ruwan ya gangara, ya tsaya, rana ta shanye shi, ba ƙamshi ba komai. Sai ya mayar da totuwar. Sojan ne ya kai mu can gefe, gindin wata 'yar bishiya da aka bar mata ƙasa kamar faɗin faifai. Nan kakana ya durƙusa ya juye ruwan a hankali, ƙasa ta tsotse, ƙamshin nan ya tashi. Ya daɗe yana addu'a. Sojan yana tsaye a bayanmu, kansa a sunkuye.

A hanyar dawowa na kawo dabara, domin tun ina yaro kaina yake kawo irin wannan.

"Kaka, mu ce mata mun gani mana. Ni zan ce na karanta sunan."

"Ɗan nema," ya ce, "fiye da shekara hamsin ban taɓa kai mata abin da ba shi ba ne. Ba zan fara a kan ɗanta ba."

Mun same ta a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Ta bari muka sha ruwa tukuna.

"Malam, ka same shi?"

"Ban same shi ba. Ba kowa a wurin. Amma an ajiye masu gadi, suna tsaye a rana dominsu."

Ta juyo gare ni. "Sunan fa?"

"Babu suna, Kaka. Ko na mutum ɗaya."

Ta daɗe tana kallon ɗakin can. "Ni ma ai ban taɓa kiransa ba," ta ce. "Ruwan fa?"

"Ƙasa ta sha," in ji kakana.

Ta jinjina goran, ta ji ba komai a ciki. Sai ta kira mahaifina ta ce ya gaya wa liman a taru ranar Juma'a a yi sadakar mamacin, a kuma sauke jinkar ɗakin. Ranar ce kaɗai na ga hawayenta. A daminar shekarar kakata ta rasu, kakana ya auna ta da kara, ni na yayyafa ruwan.

Yau ina shekara ashirin a ciniki. Idan riɗina yana da tsakuwa nakan faɗa wa mai saye kafin ya kwance buhu. Na yi asarar ciniki da yawa a kan haka, kuma ban yi nadama ba. Rijiyar gidanmu an rufe ta, burtsatse ake sha yanzu, inda ɗakin yake kuma ƙanena ya yi gini na bulo. Bara harka ta kai ni Abuja, na tsaya a dandalin. An ƙara shinge, matasa suna ta ɗaukar hoto da waya. Na nemi bishiyar nan, amma sun yi yawa, duk sun girma, ban gane ta ba. Sai na buɗe robar ruwan da ke hannuna, na tuɓe takalmi, na juye wa wadda ta fi kusa.