Mai Kallon Wutar Namadi

Duk Jabo ba wanda bai san Malam Namadi mai tsakiya ba. Mutum ne ɗan siriri mai gajen haƙuri, in ya aike ka kafin ka sa takalmi ya tambaye ka ko ka dawo. Amma da zarar ya zauna gaban matoyarsa, wato tanderun da yake gashi a ciki, sai ka rantse wani aka canzo.

Sana'arsa ita ce yin tsakiya, wato duwatsun adon da mata ke sawa a zare. Yakan tara fasassun kwalabe, ya daka su a turmin ƙarfe har su zama gari, ya zuba a 'yan ramukan faifan yumɓu, ya soka tsinken kara a tsakiyar kowane domin hudar zare. Sai wuta. A nan aikin yake. Da sannu ake soma ta, don kada faifan ya tsage. In cikin matoya ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa, garin ya narke ke nan, sai a janye itace maza-maza. Daga nan a liƙe bakin da laka, a bar ta ta huce don kanta. Wanda ya leƙa da wuri, tsakuwa zai kwasa. Ido ne kaɗai ma'aunin wannan aiki, kuma idon Namadi ne ya soma yana.

Bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada a ce Namadi ya gama yayi. Gashi biyu a jere suka lalace masa, ɗaya bai nuna ba, ɗaya ya zarce ya dunƙule kamar alewa. Ya ɗora laifin a kan itace, ya zagi mai kawo kwalabe.

Matarsa Tambaya tana kallo daga bakin madafa. Tun tana amarya hasken matoyar nan yake dukan bangonta, ta san launinsa ko da ba ta taɓa riƙe faifai ba. Ta kuma san mijinta: ce masa "ba ka gani" daidai yake da mari.

A gashi na gaba, wuta na komawa ruwan ɗorawa sai ta fito da muciya a hannu.

"Malam, iccen ga na girki ne hwa. Janye min abina, da mi nika dahwa tuwo?"

Ya janye yana mita. Da aka buɗe, tsakiya ta fito sumul, shuɗi da kore, ko ɗaya ba ta tsage ba. Haka suka ci gaba har kaka ta wuce. Maƙwabta na cewa tsufa ya sa Tambaya rowar itace, ita kuwa ta bar su da zancensu. Ni dai ban ga rowa mai kyan wannan ba.

Ana nan sai 'yarsu Hafiza ta haihu a Kebbe, Tambaya ta tafi jego. Matan Tambuwal masu sari suka yi ta aike, Namadi ya daka gari, ya cika faifai, ya hura wuta. Ya zauna yana jiran a zo a yi masa faɗa. Gidan shiru. Ya ƙura ido, abin da yake gani haske ne kawai mai rawa. Hannunsa na kan itacen, ya rasa ya ja ko ya tura, har gashin ya ƙone.

Washegari ya hau bayan babur, ya sha gargadar hanya har Kebbe. Ya yi wa mai jego barka, ya shafa kan jaririn, sannan ya sami Tambaya ita kaɗai tana dama kunun kanwa. Ya tsaya a gefenta.

"Tambaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ni hwa ba ni ganin wuta."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da damu.

"Na sani, Malam. Zamna ka sha kunu."

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun ba ka sani ba."

Ya zauna a kan turmi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce tururi ne. Ta miƙa masa ludayi.

"In na koma gida," in ji ta, "ka aje min kujera kusa da kai. Na gaji da yi ma faɗan ƙarya."